Ba A Fafe Gora Ran Tafiya

Jawabin da wani dattijon ekklesiya, tsohon malamin makaranta, ya yi wa iyayen yara ran na biyu na taron jubili.

  

Sa'ad da dattawa suka ce in yi magana, na ce, me ya rage wanda ba a faɗa jiya ba? An ba mu tarihi, mun yi waƙa, mun tuna da waɗanda suka riga mu barci. Suka ce, kai ka ƙare ƙarfinka cikin aji da alli a hannu, sai ka yi mana maganar yara. Na ce to. Ku yi mini haƙuri in na taɓa inda ke ciwo, gama zan fara taɓa nawa.

Kalman nan jubili ba tamu ba ce. Daga Ibrananci ta fito, daga ƙahon rago da a kan busa. Cikin Littafin Firistoci sura 25 aka umurci Isra'ila su ƙidaya shekara bakwai sau bakwai, watau 49, ta 50 kuwa a busa ƙaho, a saki bayi, a bar gona ta huta, kowa ya koma ga gādon gidansu. Ashe jubili ba cin shinkafa da ɗinkin sabon zane kaɗai ba ne. Lokaci ne da mutum zai tambayi kansa, ina gādona, a hannun wa ya ke?

Mu fa, mene ne gādonmu? A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da nufin kawo bishara ƙasashen nan. Biyu daga cikinsu suka mutu a 1894, ba su ga amfanin wahalarsu ba. A 1924 'yan mishan suka zauna Zinder, bayan 'yan shekaru suka zo Tsibiri. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi, a 1956 kuma na Danja domin kutare. Cikin dukan wannan, abin da iyayenmu na fari cikin bangaskiya suka fi riƙewa da hannu biyu shi ne karatu. Da gemunsu suka zauna gaban aci-bal-bal suna bin baƙaƙe da yatsa, domin su karanta Maganar Allah da idonsu, kada su tsaya ga an ce. Gona ba su bar mana da yawa ba, shanu ma haka. Littafi suka bar mana, da 'ya'ya. Zabura ta 127 ma ta lissafta 'ya'ya cikin gādon da Ubangiji ke bayarwa.

To, ga tambayata. In Ubangiji ya yi jinkirin zuwa, aka sake busa ƙahon jubili nan gaba, wa zai tsaya a wurin nan ya buɗe Littafin ya karanta? Ba ni ba, ba kuwa mai furfura ko ɗaya cikinmu. Masu karantawar suna nan yau: ga su goye a bayan uwayensu, ga waɗansu can waje suna wasa da ƙasa, ɗazu ma na ji an kore su domin suna surutu. Su ne fastocinmu, da likitocinmu, da ungozomominmu, da malamanmu. Maganarsu za mu yi.

A ƙasarmu a kan buɗe makarantu cikin watan Oktoba, daidai lokacin da hatsi ya nuna, hankalin kowa yana gona. Yaro ɗan shekara 6 ko 7 ya shiga aji na fari, wanda a ke kira CI, gabansa kuwa shekara 6 kafin ya gama firamare. Ku duba ranan nan da idon yaron. Jiya yana bin awaki, in ya gaji ya kwanta gindin gawo. Yau an sa shi cikin ɗaki tare da tarin yara, na taɓa riƙe aji mai yara fiye da 70. An ce ya zauna wuri ɗaya har rana ta take. Ga wani mutum wanda bai taɓa gani ba yana magana da harshen da bai taɓa ji ba. Ba uwa, ba yaya, ba mai share masa hawaye.

Cikin shekarun da na yi ina karɓar 'yan aji ɗaya, kafin mako biyu ya ƙare na kan gane iri biyu. Akwai yaron da aka shirya, akwai wanda aka jefo. Wanda aka shirya ya san sunansa, in an tambaye shi ya amsa, ya iya riƙe alli, cikinsa da ɗan abinci. Wanda aka jefo ya kan laɓe bayan aji, kansa sunkuye, yana jiran a buga ƙarfe ya gudu. Ba maganar dukiya ba ce, gama na ga 'ya'yan attajirai cikin waɗanda aka jefo. Ba kuwa maganar kaifin kai ba ce. Abin da aka yi wa yaro a gida ne tun yana rarrafe. Hausawa sun ce ba a fafe gora ran tafiya. Da yawa cikinmu sai ran da za a buɗe lakwal mu ke neman wuƙa.

Ni kaina uwata ce ta fafe gorata, ita kuwa har ta koma ga Ubangiji ba ta iya rubuta sunanta ba. Fura ta ke sayarwa. Ta kan ce, zo ka ƙidaya mini dawon nan. In na ƙidaya ta ɗauke biyu ta ce, saura nawa? Ta kan aike ni gidan maƙwabta da saƙo uku, in na dawo in maimaita mata su ɗaya ɗaya. Da dare ta yi mana tatsuniya, gobe kuma ta ce ni zan yi wa ƙannena. Ubana kuwa, bayan addu'ar yamma, ya kan share ƙasa da tafin hannu ya zāna mini baƙi ɗaya, in kwaikwaya. Ran da aka kai ni lakwal, ba da daɗewa ba bayan 'yancin kai na 1960, ban san ko kalma ɗaya ta Faransanci ba, amma ban ji tsoro ba. Na riga na saba a tambaye ni in amsa.

Yanzu ga nawa laifin. Ba zan faɗi sunan yaron ba, ko sunan garin. Ina saurayin malami aka kawo mini shi, ɗan wani mai bi, muna sujada ɗaki ɗaya da ubansa. Ya zauna can baya. In na kira suna ba ya amsawa. In na ce a maimaita, bakinsa ba ya motsi. Na ce taurin kai ne, na sa bulala. Na kira shi daƙiƙi gaban 'yan'uwansa, suka ɗauka, ya zama sunansa. Wata biyar muna haka. Ran nan wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta zo ta ja ni gefe, ta juya kan yaron ta nuna mini kunnensa. Mugunya ke fita. Ta ce tun da ya yi ƙyanda yana ƙarami ba ya ji sosai, sai an tsaya kusa da shi. Na mai da shi gaban aji, amma na makara. Zuciyarsa ta riga ta fita, kafin damina ya daina zuwa.

Bayan shekaru da yawa na gamu da shi a kasuwa yana dako. Ya sauke buhu, ya durƙusa ya ce, Mushe, ina wuni? Ba fushi ko kaɗan a fuskarsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na roƙi gafararsa, na roƙi ta Allah, na kuwa gaskata an gafarta mini, amma shekarun karatunsa ba su dawo ba. Laifi na fari nawa ne, ban tambaya ba. Amma ku lura: ubansa ya sani, bai faɗa mini ba. Ekklesiya duka tana ganin yaron ko wace Lahadi, ba wanda ya ce a kai shi likita. Mu uku muka yar da shi: malami, da gida, da jama'a. Mu uku kuma ya kamata mu ɗauki na yanzu.

Bari in jera muku abu biyar na gida, sa'an nan in zo kan na jama'a.

Na fari, jiki. Likitoci sun nuna kwana 1000 na fari, daga ɗaukar ciki har yaro ya cika shekara 2, su ne harsashin gini. Kafin ya kai shekara 5 ko 6 ƙwaƙwalwarsa ta yi wajen kashi 9 cikin 10 na girmanta. Watau kafin malami ya ga yaro, an gama yawancin ginin a tsakar gida. Saboda haka mai ciki ta ci ta ƙoshi, ta je awo. Jariri ya sha nono zalla wata 6, ba ruwa ba jiƙo. Bayan haka kunu kaɗai ba ya isa: a sa masa garin ƙuli-ƙuli, da wake, da zogale, da miyar kuka, da ɗan kifi in an samu. Maganan nan da a ke yi, wai in an ba yaro ƙwai zai yi sata, ku bar ta. Na koyar da yara masu yawa, ban ga wanda ƙwai ya mai da shi ɓarawo ba, amma na ga waɗanda yunwa ta hana su gane karatu. Waɗanda suka ga yunwar 1984 da ta 2005 sun san yadda ta kan tsumburar da yaro. A yi miya da gishiri mai aidin. A cika alluran rigakafi, ta ƙyanda tana wata 9. A kwana cikin gidan sauro, in kuma ma'aikatan lafiya sun zo da damina da maganin hana zazzaɓi na yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5, a ba su yadda aka ce, kada a ɓoye shi cikin rufin ɗaki. Sa'an nan ku gwada abin da ban gwada ba: ku tsaya bayan yaro ku kira shi a hankali, ku ga ko zai waiwaya. Ku nuna masa abu daga nesa ku ga ko ya gane. In kun ga alamar ciwo, ku kai shi likita, ku kuma gaya wa malaminsa tun ran fari. Kada kuma yaro ya fita da safe ciki wofi, ko ɗumamen tuwo ne a ba shi.

Na biyu, baki. Yaro da magana a ke buɗe masa kai. Ku yi masa magana tun bai iya amsawa ba. Uwa tana daka ta ce, wannan turmi ne, wannan taɓarya. Uba zai tafi gona ya ɗauke shi, ya nuna masa bambancin gero da dawa, ya gaya masa sunan ko wane itace. In ya dame ku da tambaya, don me kaza, don me kaza, kada ku ce rufe mana baki. Tambayan nan ita ce ƙofar ilimi, in kun rufe ta a gida malami zai sha wuya kafin ya buɗe. Cikin Kubawar Shari'a sura 6 an umurci iyaye su riƙa zancen dokokin Allah da 'ya'yansu a zaune da a tafe, da dare da safe. Ba a ce a jira sai an gina aji ba.

A nan akwai wata al'ada tamu da zan taɓa da ladabi, watau kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, uba ba ya wasa da shi gaban mutane. A dā wannan bai cuce shi ƙwarai ba, gama kaka tana nan, ita ke ɗaukarsa, ita ke yi masa tatsuniya da wasa. Amma da yawa cikinku, saboda bangaskiya ko saboda neman abinci, kuna zaune nesa da kakanni. In uwa tana kunya, uba yana kunya, kaka ba ta nan, wa zai yi wa ɗan fari magana? Ku rage kunyan nan cikin ɗaki. Allah ba ya jin kunyar kiranmu 'ya'yansa.

Waɗansu kuma suna tsammani Hausa ke hana yaro Faransanci, har su kan tilasta wa kansu 'yan kalmomin da ba su iya ba. Ba haka ba ne. Yaron da ya iya ba da labari daga fari har ƙarshe da harshen uwarsa, shi ke saurin kama wani harshe, gama ya riga ya san yadda a ke jera magana. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Zinder inda a ke fara karatu da Hausa kafin a shiga Faransanci. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa wuri cikin makaranta. A 2025 kuma sabon kundin ƙasa ya sa Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Mu da muka riƙe Littafi da Hausa tun 1932, bai kamata a same mu muna rena ta ba.

Na uku, hannu da hali. Ba sai kun sayi kayan wasa na kanti ba. A bar yaro ya gina shanu da yumɓu, ya ƙera mota da kara, ya zāna a ƙasa da tsinke. A ba shi 'ya'yan kanya ko duwatsu ya ƙidaya, ya ware manya da ƙanana. Yarinya mai carafke tana koyon lissafi ba ta sani ba. Hannun da ya saba da waɗannan ba ya rawa ran da aka ba shi alli da allo. Sa'an nan a koya masa ya zauna ya saurari labari har ƙarshe, ya jira a zo kansa, ya nemi izini in zai zaga, ya wanke hannu da sabulu. A koya masa sunansa na yanka da na ubansa da unguwarsu. Sau nawa na kira suna cikin aji ba mai amsawa, ashe mai sunan yana zaune gabana, shi dai Auta ya sani ko Ɗanladi!

Ku daina kuma yi wa yara kurari da makaranta. Uwa ta ce, bari dai, kwana nawa ne, zan kai ka wurin Mushe ya zane ka. Kin mai da malami dodo, sa'an nan ki yi mamaki don yaro ya gudu. Gwamma kafin a buɗe, uba ya kama hannunsa su je su ga wurin, su gai da malamin. Manzo Bulus ya gargaɗi ubanni cikin Afisawa sura 6 kada su cusa wa 'ya'yansu fushi. Horo dabam, tsoratarwa dabam. Ni na gwada bulala, kun ji abin da ta haifa.

Na huɗu, takarda. Mu kan yi suna, a yanka rago, a tara mutane, amma a manta a je a rubuta haihuwar wurin hukuma. Shekaru su wuce, ran rubuta yara ko ran jarrabawa a ce ina takardar haihuwa, sai ka ga uba yana zirga-zirga tsakanin ofishin magajin gari da gidan shari'a, yana ɓad da kuɗi da kwanaki cikin tsakiyar aiki. Ku rubuta haihuwa tun jaririn yana cikin tsumma. Ku ajiye takardar tare da katin rigakafi cikin leda, inda gara da ruwa ba za su kai ba.

Na biyar, 'ya mace. Dukan abin da na faɗa, nata ne daidai da na ɗan'uwanta. Na ga gidajen masu bi inda namiji ya tafi lakwal, mace 'yar shekara 6 tana goye da ƙanenta, ko tana yawo da farantin talla. Gwamnati ta fid da doka a 2017 domin kiyaye karatun 'ya mace har ta kai shekara 16, amma mu bai kamata mu jira doka ba. Ku duba Timothawus. Manzo Bulus ya shaida bangaskiyarsa ta fara zama cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki, ya kuma ce tun yana jariri ya san littattafai masu tsarki. Wa ya koya masa? Mata biyu. In kun hana yarinya karatu yau, kun hana wani Timothawus malaminsa na fari.

Yanzu na zo kan jama'a. Na san akwai waɗanda ke zaune nan suna cewa a zuci, dattijo, kana magana kamar muna da dangi. Wani tun ran da ya yi baftisma ba a sake aiko masa da gaisuwa daga gida ba. Wata mijinta ya tafi cin rani Nijeriya ko Agadas, ita kaɗai da yara huɗu. Wata gwauruwa ce. Wani bai iya karatu ba, yana jin nauyin faɗa. Na ji ku. Amma ku tuna cikin Markus sura 10 Ubangijinmu ya yi alkawari, wanda ya rabu da gida da dangi saboda shi da bishara zai sami ninkinsu tun a wannan zamani, uwaye da 'yan'uwa da 'ya'ya. Ina za su fito? Daga sama za su faɗo? Mu ne. In tsohuwa cikin ekklesiya ba ta zama kakar ɗan sabon mai bi ba, mun sa alkawarin Ubangiji ya zama kamar ba gaskiya ba a idon yaron. Cikin wannan sura kuma aka kawo masa yara, almajirai suka tsauta wa masu kawowa, shi kuwa ya ji haushi, ya rungume su ya sa musu albarka.

Mu duba maƙwabtanmu Musulmi, mu koyi abin kirki. Ɗansu tun yana ɗan shekara 4 ko 5 yana zuwa makarantar allo. Ya saba zama gaban malami, ya saba haddacewa, ya san rubutu abu ne mai daraja. Unguwa duka ta san da wannan, wanda ya ga yaro yana yawo lokacin karatu ya kan kora shi. Namu fa? Sa'a ɗaya ran Lahadi, wani lokaci ma ba mai koyarwa, sai a ba babbar yarinya tsumagiya a ce ta hana su surutu. Mu masu cewa mu mutanen Littafi ne, wannan abin kunya ne gare mu.

Ku manoman Maraɗi kun san sassaben zamani. A 1983 wani ɗan mishan mai suna Tony Rinaudo ya lura 'yan tsirran da mu ke sarewa ko wace shekara cikin gona ba ciyawa ba ne, itatuwa ne masu saiwa da rai a ƙasa. Ba sai an dasa sabo ba: a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi, a rage sauran, a tsare su. Yau an ce hekta wajen miliyan 5 ta farfaɗo a ƙasarmu ta wannan hanya. Amma kun tuna abin da ya ba da wuya da fari. Mutum ɗaya ya tsare nasa, da dare wani ya zo ya sare, ko awaki su cinye. Bai yi ƙarfi ba sai da gari ya haɗa baki. Haka yaro ya ke. Allah ya riga ya sa saiwar, ba mu muka sa ba. Namu gyara da tsaro, tsaron kuwa ba na gida ɗaya ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma abin da ba na iya tunawa idona bai kawo ruwa ba. A watan Afrilu na 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a Yamai, yara wajen 20 suka mutu, yawancinsu ƙanana. A watan Nuwamba na wannan shekara haka ta faru a Maraɗi, yara fiye da 20, 'yan shekara 5 da 6. Iyayensu sun yi abin da na ke roƙonku, sun shirya su sun tura su karatu, ba su dawo ba. Allah ya ta'azantar da su. Mu da muka iya buga tubali muka gina ɗakin sujada, mun iya taimakon gari a gina aji na ƙasa. In an kira taron iyayen yara, ko za a zaɓi kwamitin makaranta, kada mai bi ya ce ba ruwansa. Ku je, ku zauna tare da maƙwabta, ku kawo tubalinku. Makarantar gari tamu ce duka, shaida kuwa ba a bakin wa'azi kaɗai ta ke ba.

Saboda haka ga roƙona huɗu ga ko wace ekklesiya da ta aiko wakili, kafin Oktoba mai zuwa. Ɗaya, dattawa su rubuta sunan ko wane yaro daga haihuwa har shekara 7, su san wa ke da takardar haihuwa, wa ya cika rigakafi, wa ya isa shiga aji. Biyu, ɗakin sujada da ke kulle daga Litinin zuwa Asabar, a buɗe shi ko safiya uku a mako, matan zumunta su yi karɓa-karɓa, a tara ƙanana a yi musu waƙa da labari da ƙirga, a ba su ɗan kunu. In maƙwabci ya so ya kawo nasa, a gaya masa a fili abin da a ke koyarwa, ya zaɓa da kansa. Uku, ko wane yaron da ba shi da kaka kusa, a ba shi kaka cikin ekklesiya, ta san shi ya san ta. Huɗu, cikin baikon kaka a ware mudu kaɗan domin allo da alli da riga na marayu da 'ya'yan gwauraye. Samarinmu 'yan kwaleji kuma, in kun zo hutu, ku ajiye waya sa'a ɗaya ku karanta wa ƙannenku.

Zan rufe da Hannatu. Ta roƙi ɗa, Allah ya ba ta Sama'ila. Ba ta yi gaggawar kai shi Shilo ba, ta zauna da shi har ta yaye shi, sa'an nan ta kai shi wurin Eli. Bayan ta kai shi kuma ba ta ce na sauke kaya ba. Ko wace shekara ta kan ɗinka 'yar riga ta kai masa. Ku mata kun sani, ba a ɗinka wa yaro riga sai an san inda tsawonsa ya kai. Watau idonta yana kansa. Haka za ku yi. Ran da yaro ya shiga aji, ba ran hutunku ba ne. Da yamma ku ce, nuna mini allonka. Ko ba ka iya karatu ba, duba, ka ce madalla. Yaro ya san bambancin uban da ya duba da wanda bai duba ba.

'Yan'uwa, waɗanda suka kawo mana Littafin nan waɗansunsu kabari suka samu. Iyayenmu suka karɓe shi da tsada. Kada ya zama a hannunmu ne ya koma abin ajiya cikin akwati domin ba mai iya buɗewa. Yaran nan da ke waje, a shigo da su yanzu, su zauna gabanmu, mu yi musu addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin shekarun da ka bishe mu. Ka gafarta mana inda muka yi sakaci da ƙananan da ka ba mu amana. Ka ba uwaye ƙarfi, ka ba ubanni taushin zuciya, ka ba malamai haƙuri da ido mai lura. Ka tsare 'ya'yanmu da 'ya'yan maƙwabtanmu daga yunwa da ciwo da wuta. Ka ba ƙasarmu salama da damina mai albarka. Bari waɗannan yara su girma cikin hikima da tsoronka, su tsaya a wurin nan bayanmu su karanta Maganarka. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.